Zaren da Jiki Ya Saƙa

Tun safe matar tela take amai, cikinta ya kumbura ya yi tauri. Da rana ta take, likita ta fito barandar ɗakin mata na asibiti riƙe da hoton cikin. Ta shaida wa tela da surukarsa cewa hanji ne ya shaƙe, sai an buɗe yanzu.

"Me ya shaƙe shi?" in ji tela.

"Wani abu kamar zare. Yakan fito bayan tiyata."

Ita ce ta yi wa matar tiyatar haihuwa bara waccan. Tela ya ƙura mata ido.

"Wato kin manta zare a ciki. Ni in na yi haka a rigar mutum, a fuska ake jefo min ita. Ba za ki ƙara taɓa ta ba. A kira wani."

"Ɗayan likitan yana kan wani aikin, sai yamma zai fito. Kafin nan hanjin ya mutu."

"Ɗan nan, bar ta ta kai aya," in ji surukar. "Ciki ba wando ba ne."

Likita ba ta ɗaga murya ba. "Zaren da na yi ɗinki da shi ya narke tuni. Wannan jikinta ne ya saƙa. In aka yanka ciki, wani ruwa mai danƙo yakan rufe raunin. A wasu ya baje, a wasu ya daskare ya zama tabo, ya manne hanji da bangon ciki. Nama ne. Akwai kitse a jikinsa, da ƙananan hanyoyin jini, har da jijiyoyin da ke jin zafi. In na yanke shi, jini zai yi."

Tela ya murza yatsu.

"To in kin sake yankawa, ba zai saƙa wani ba?"

"Zai iya. Ba zan ɓoye maka ba."

Nas ta leƙo ta ce aman ya koma kore. Daga bayanta muryar matar ta fito, a dashe.

"Baban yara, ina jin ku. Ku gama musun in na fito."

Tela yana tsaye a bakin ƙofa, daidai inda za a turo gadon matar zuwa ɗakin tiyata. Ya dubi hoton da ba ya iya karantawa, ya dubi hannun likita. Sannan ya ja da baya ya manne da bango.