Ganyen da Aka Dafa wa Yaya

A gidansu Likitar Ganye suke ce mata don tsokana, ita kuwa ba likita ba ce. Shekara shida tana aiki a ɗakin gwaji, inda ake yanko ɗan ɓawon wata bishiya mai siraran ganye da ake kira yu, a raine shi cikin kwalabe har ya zama farin dunƙule kamar ƙullu. Daga nan ake tatso maganin ciwon daji, ɗigo-ɗigo, ba sai an sare bishiyar ba.

Da aka gano ciwon a ƙirjin yayarta, asibiti suka ce layi da tsawo, sai ta jira wata uku. Yaya ba mai roƙo ba ce, amma ranar da ƙanwar ta je duba ta, sai ta riƙe mata hannu.

"Auta, ashe maganin a hannunki yake. Ko cokali ɗaya ki ɗebo min."

Ta lallashe ta, ta ce abin kwalbar bai zama magani ba tukuna, sai an tace an auna. Mijin Yaya, direban babbar mota, yana bakin ƙofa yana sauraro. Ya tambayi sunan bishiyar, ta faɗa, har ta nuna masa hotonta a waya. Bai zo mata a rai ta ce ganyen guba ne ba. A wajen aikinsu kowa ya san haka, ba a ma faɗa.

Bayan kwana tara, tana sanye da safar hannu tana sauya wa kwalabe ruwa, aka kira ta. Ashe a hanya mijin Yaya ya ga bishiyar a shingen wani gida, ya ciko leda da ganyen, ya dafa. Yaya ta sha kofi biyu tana sa masa albarka. Kafin su kai asibiti zuciyarta ta tsaya.

Ba wanda ya ɗora wa Auta laifi. Mijin ne kawai ya tsare ta a soro, idanunsa jajur, ya ce shi ya ɗauka ganyen da maganin duk abu ɗaya ne.

Bai sake iya hawa mota ba. Yaran Yaya biyu suka dawo hannun Auta. Ran nan tana yi wa babbar kitso, yarinyar ta tambaya ko Mama ta sha wuya kafin ta rasu. Auta ta ce a'a, ta juya mata kai gefe don ta kama ɗaya ɓangaren.