Safar da Ba Ta Yoyo

Babana ƙwai yake kai wa masu shaguna a kan babur. Kullum da safe yakan je gonar kaji da ke bayan gari, a jera masa kiret goma sha biyu a baya, ya ɗaure su da igiyar roba, ya bi shago-shago yana saukewa. Ya fi shekara ashirin yana wannan aiki. Sauran masu babur suna kiransa Lallaɓa, wai ko mai keke yana wuce shi, amma masu shago ba su taɓa samun fasasshen ƙwai a kayansa ba. A hanyarsa ta zuwa gonar yake ajiye ƙanwata Auta a makaranta. Shekararta bakwai, a gabansa take zama, kan tanki, ta riƙe sandar madubi.

Ni kuwa a gida Ba-zama ake ce mini. Na bar makaranta ina aji biyu na sakandare, na yi wata huɗu wurin mai faci, wata biyu wurin mai gyaran waya, na taɓa wankin mota na kwana tara. Lokacin da abin nan ya faru ina shagon wani tela mai ɗinkin jakunkuna da rigunan kujerun mota, kuma gaskiya nan ma na fara leƙen hanya.

Da damina ta kankama sai ƙwai ya fara fashewa. Rana ɗaya guda biyar, wata rana rabin kiret. Baba ya dawo da tsakar rana yana ƙarni, ya cire tsohuwar safar hannunsa ta ulu, ya matse ta ruwa na zuba, ya rataye a igiya.

"Sanyi ne," yake cewa. "Safar ta jiƙe, iska ta buga, yatsu su sandare. Ina jan kuloc sai ya kufce mini."

Kuloc ɗin a hannun hagu yake. In ya kufce wa mutum farat ɗaya, babur ya zabura gaba ko ya mutu a tsakiyar titi.

Wata rana Auta ta dawo daga makaranta tana dariya, tana ba mu labari wai a mararraba babur ya yi tsalle kamar kwaɗo, har goshinta ya bugi madubi, wani mai mota ya leƙo yana zagin Baba. Umma ba ta yi dariya ba. Ta jawo kan yarinyar ta duba goshin, sannan ta juya.

"Baban Auta, in sanyi ne a nemi maganin sanyin. In ba a samu ba, ni zan riƙa kai ta da ƙafa."

"Da ƙafa? A ruwan nan? Tun tana goye nake ɗaukar yarinyar nan."

"Na sani. Goshin nata nake gani."

Baba ya tashi ya fita wurin babur ɗinsa, ya hau goge abin da ba shi da datti.

Kwana biyu bayan haka wani mai kai saƙonni ya shigo shagonmu da jakarsa da ta yage. Ana tsuga ruwa a waje. Ya tsaya bakin ƙofa ya zare wata doguwar safa baƙa mai santsi daga hannunsa, sai ga wata safar a ƙarƙashinta, busasshiya ƙayau. Na karɓa na jujjuya. Ba ta da kauri ko kaɗan, kamar rigar ruwa ce aka yi wa hannu. Ya ce wani ne ya kawo masa daga tafiya, bai san inda ake sayarwa ba. Kafin Oga, telan da nake wurinsa, ya gama ɗinke jakar na riga na haddace yadda aka yanka ta.

Washegari da yamma na shimfiɗa kwali a tsakar gida na ce Baba ya ɗora hannunsa in zana.

"Kai da ba ka gama ko da aljihun jaka ba?" in ji shi, amma ya ɗora.

Hannun dama ya kwanta sumul, na zagaye shi da fensir. Na hagun ne ya ƙi. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun lanƙwashe, ba su taɓa kwalin ba. Na danna su suka kwanta, na saki suka koma. Garin bin gefen ƙaramin yatsan fensir ya zame, bakinsa ya cake shi sosai, har ni na ce wash. Baba yana kallon Auta tana wasa, ko motsi bai yi ba. Ranar kuwa ba a yi ruwa ba, rana ta ƙwalle tun safe, kowa gumi yake.

Ya juyo ya ga ina kallon hannun.

"Zana abinka haka nan," ya ce a hankali. "Ba hoto za ka ɗauka ba."

Na zana. Ban gaya wa kowa ba. Na ce wa kaina wataƙila sanyin ne ya taru a ciki, in hannu ya samu ɗumi na sati biyu zai saki. Ban sani ba ko na yarda da haka, amma na fi son in yarda.

Na yanka safar daga ragowar wani yadin tamfol mara kauri. Maimakon gidan yatsa biyar na yi uku: babban yatsa shi kaɗai, manuni da na tsakiya tare, sauran biyun tare. Na gaya wa Oga wai ɗinkin ya fi sauƙi haka, kuma yatsu sun fi ɗumi in suna haɗe. Duka gaskiya ne. Abin da ban faɗa ba shi ne, a cikin gida ɗaya ba wanda zai lura cewa biyun nan ba sa miƙewa.

Da na gama na cusa takardar jarida a ciki, na tsoma a bokiti. Na zaro takardar sharkaf. Oga ya yi dariya har ya ajiye almakashi.

"Ba-zama, ka ɗauko abin da ruwa ba ya shiga, ka huda shi da allura sau ɗari biyar, kana mamaki? Ɗaga ta sama ka gani."

Na ɗaga ta saitin ƙofa. Duk layin ɗinkin haske ne ke fitowa, ƙananan huji a jere. A da, nan ne wurin da nake ajiye abu in ce ba ni da sa'a. Amma na tuna wurin mai faci, yadda muke kankare tayar ciki mu shafa sholisho, gam ɗin faci, mu jira ya sha iska kafin mu manna. Na je wurinsa da rana.

"A'a, ɗan gudun hijira! Ka dawo ne ko wucewa kake?"

"Sholisho nake so, Oga, da tsohon tub."

"Ka ji shi. Ko gaisuwa sai an roƙa."

Ya ba ni. Na yayyanka tub ɗin, wato tayar cikin, sirara-sirara, na juya safar, na bi kowane layin ɗinki na manne. Ta farko ta yi tauri kamar takalmi, ba ta lanƙwasuwa. Ta biyu ta ɓare a tsakanin yatsu. Sai a ta uku na gane dole in fere robar ta zama kamar fatar albasa. Na tsawaita bakinta har rabin damtse, na sa roba mai jan kanta, yadda hannun rigar ruwa zai sauko ya rufe ta, kada ruwan da ke gangarowa daga kafaɗa ya zuba ciki. Kwana goma sha ɗaya na yi a kanta. Na bar ta cikin bokiti tun safe har azahar da dutse a kai, na zaro jarida ana iya karanta ta.

Oga tela ya sa hannunsa ciki, ya dunƙule ya buɗe. Bai yabe ni ba, ba halinsa ba ne. Cewa ya yi, "Kada ka yar da kwalin nan."

Baba ya sa ta a kan tasa ta ulu, ya ɗaga hannuwa sama, Auta ta ce ya zama ƙaguwa. Kwana uku ruwa bai sauko da safe ba. A na huɗu ya sauko tun kafin su fita, da iska mai ratsa ƙashi. Na tsaya a ƙofa ina kallonsu, Auta cikin ledarta a kan tanki, har suka sha kwana.

Ranar ban iya zama a shago ba, na dawo gida da wuri. Wajen ƙarfe ɗaya na ji ƙarar babur. Baba ya shigo da shi ƙarƙashin rumfa, tun kafin ya kashe na ji ƙarnin. Kiret biyu na sama sun zame gefe, ruwan ƙwai yana bin igiyar roba yana ɗiga a kan salansa. Madubin hagu ya juye.

Ya kasa zare safar da kansa, na kama na ja masa. Ta ulun da ke ciki a bushe take. Na riƙe hannunsa, da ɗumi kamar wanda ya tashi daga barci. Yatsun nan biyu suna nan a lanƙwashe.

Umma ta fito daga kicin tana goge hannu da zani. Ta kalli ƙwan, ta kalli madubin.

"Yau kuma fa? Ba ga safa ba?"

"Ta ɗan yi yoyo," in ji Baba. "Ta wajen ɗinkin. Ka san aikin farko ne." Bai kalle ta ba. Ni yake kallo.

Ban taɓa ganin Baba yana roƙon kowa komai ba, amma roƙo ne a idonsa. Kuma abin da yake nema ba shi da wuya. In na ce e, ba wanda zai yi musu. Wa zai yi mamaki don aikin Ba-zama ya yi yoyo? Umma za ta ce dama ta sani, in koma shago in ce ina gyarawa, in ƙara masa sati biyu, wataƙila har damina ta wuce. Ni ma ban damu da sunan safar ba, an faɗi abin da ya fi haka a kaina. Sai dai gobe ma akwai makaranta, kuma mararrabar tana nan inda take.

"Ba ta yi yoyo ba, Baba," na ce.

"Kai ka sa ta ko ni?"

Na juya cikinta waje, na miƙa wa Umma tare da ta ulun. Ta shafa su da tafin hannu, ta kai ta ulun kumatunta. Sannan ta ajiye su a kan kujerar babur, ta kamo hannun Baba na hagu. Ya so ya janye, ta riƙe. Ta miƙar da yatsun, suka koma. Ta sa farce ta mintsini ƙaramin, tana kallon fuskarsa.

"Tun yaushe?"

Baba ya kau da kai.

"Baban Auta, tun yaushe?"

"Tun kafin ruwan farko," ya ce. "Da kamar tafiyar tururuwa nake ji. Yanzu ba na jin komai."

"Kana ɗaukar mini yarinya a haka."

"Wa zai ba mutum mai hannu ɗaya ƙwai?" Ya faɗa da ƙarfi, har maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta koma. Ya juyo gare ni. "Kai kuma sannu. Ka gama abu ɗaya a rayuwarka."

Ya shige ɗaki. Ni da Umma muka kwance kiret ɗin, muka ware masu kyau, muka wanke igiyar. Ba ta ce mini na kyauta ba, ni ma ban ji kamar na kyauta ba. Da na gan shi ta taga zaune bakin gado, hannun a cinyarsa, sai na ji da ma na bar hujin allurar nan yadda suke.

Washegari Umma ta kai Auta da ƙafa, da lema. Ni na je gonar na ɗauko ƙwan, na kai shagunan ina bin takardar sunayensu da Baba ya turo Auta ta ba ni, don shi ba ya yi mini magana. Na fasa guda bakwai. Kowane mai shago sai ya tambaye ni ina Lallaɓa, in ce yana hutawa. Kwana biyu muka yi a haka, in na shigo ya juya fuska bango.

A rana ta uku na dawo daga kai kaya ana yayyafi, na same shi tsaye a ƙarƙashin rumfa, ya sa rigarsa ta fita, katin asibiti yana leƙowa daga aljihu.

"Kada ka kashe," ya ce. "Juya."

Na juya babur ɗin. Ya daɗe kafin ya ɗaga ƙafa ya hau baya, kamar mai neman inda ake takawa. Ban taɓa ganinsa a wannan kujera ba. Muka fita layi, muka hau titi. Ya dafa kafaɗuna biyu. A ta dama ina jin hannu cikakke, a ta hagu yatsa uku.

"Rage wuta," ya ce a kunnena. "Likitan ba guduwa zai yi ba. Kuma ka daina sakin kuloc kamar kana jin haushinsa."

Na rage.