Na'ibi a Kan Duro

A falon Mista Haskel, injiniyan nan Ba'amurke da Na'ibi ke yi wa girki a unguwar Ruwais ta Jidda, akwai hoton wani tsoho mai saje har wuya, mai kallon mutum kamar ya kama shi da laifi. Kakan kakan maigidan ne, Lauya Josaya Haskel. Duk ranar da Mista Haskel ya ƙoshi, sai ya tsaya gaban hoton ya zubo tarihinsa cikin gurgun Larabci, Na'ibi na kwashe kwanuka yana saurare.

Tarihin ya zauna masa a ka daram. Lauyan ɗan manomi ne a jihar Ohayo, bai taɓa leƙa makarantar lauyoyi ba. Ofishin wani tsohon lauya ya yi ta sharewa yana karanta littattafansa har ya iya. Daga nan ya hau doki yana bin alƙali gari-gari, yana kare masu rikicin gona da waɗanda ake zargi da satar shanu. Da ya so kujerar majalisa kuwa, bai aiki kowa ba. Kututturen itace ya hau a bakin kasuwa, ya faɗi kyawawan halayensa da bakinsa tun daga hantsi har rana ta take, mutane suka zaɓe shi. Nan ne ya fi burge Na'ibi.

A 1964 shehun Hausawan unguwar Sa'alaba ya rasu, dattijon da ke sasanta rigimarsu, yake tsaya musu in maganar iƙama, takardar izinin zama a ƙasar, ta taso. Na'ibi ya daɗe yana son wannan matsayi, so mai hana shi sakat. Kuma gaskiya ya cancanta, dattawa ma sunansa suke ta juyawa. Aikin da ya rage masa bai taka kara ya karya ba: ya zauna a gida, a zo a roƙe shi, ya ce bai isa ba, a sake dawowa, ya karɓa kansa a sunkuye.

"Malam, ka zauna su zo mana," in ji matarsa Mastura.

"Zama ya ƙare, halas. Lauya Haskel bai zauna ba."

"Shi lauyan nan, a Sa'alaba ya yi sarautar tasa?"

Jidda dai ba garin itace ba ce balle a samu kututture, don haka ranar Juma'a bayan la'asar ya mirgino duron kananzir zuwa ƙofar masallaci, ya tattare jallabiya ya haye.

"Ya jama'a, ni ne Na'ibi. Tun da muka ƙetaro daga Sudan, wa ya taɓa kwana da yunwa ina da labari? Wa ya kai gawar Usuman makabarta da aka rasa mota? Wa ya fi ni Larabci? Wa ya fi ni haƙuri?"

Duk gaskiya ce, babu ƙari ko kaɗan. Shi ya sa kunyar ta fi yawa. Dattawa suka duƙa neman takalman da ke ƙafafunsu. Wani ya tambayi na kusa da shi a hankali ko zafin murhu ne ya taɓa bawan Allah. Shi kuwa gogan ya ɗauki shirun a matsayin natsuwa, ya ƙara ƙaimi har aka kira magariba.

Washegari dattawa suka tafi roƙo shagon Othman tela, mutumin da ko rigimar 'ya'yansa ba ya iya rabawa. Othman ya shige bayan yadudduka yana rantsuwa bai isa ba. Wannan ya ƙara musu tabbacin shi ne.

Daga can Malam Ɗan'azumi, babbansu, ya biyo ta gidan Na'ibi. Na'ibi ya tashi da murna ya shimfiɗa masa darduma, har ya shirya cewa bai isa ba, ko da sau ɗaya ne.

"Ya akhi, ɗan'uwana, mun ji ka jiya," in ji tsohon. "Masha Allah, murya da tsara magana. Tun da muka zo ƙasar nan ba mu da sanƙira mai wasa mutane a taro, ashe kana cikinmu ka ɓoye. Alhamis za a naɗa Othman. Kai za ka yi masa kirari."

Ba a ce wa Malam Ɗan'azumi a'a. Ranar Alhamis Na'ibi ya miƙe, ya lalubi abin yabo a jikin Othman ya rasa. Sai ya ɗauko nasa halayen ɗaya bayan ɗaya, ciyar da mayunwaci, kai gawa, haƙuri, ya jibga wa tela. Kowa a wurin ya san na wane ne, kuma kowa ya gyaɗa kai yana cewa haka ne, haka ne.