Ragar da Aka Sa wa Lawali

Lawali manomin albasa ne a Kambaza, mutumin da ke ɗora wa jaki buhu ba tare da ya nemi a kama masa ba. Shekarar da ya cika hamsin ƙaba ta fito masa, hanji ya turo ya yi ƙullutu a gefen mara. Sau biyu ana yi masa aiki a Gwandu ana ɗinkewa, sau biyu tana dawowa, na biyun ma tun kafin ya kwashe albasar rani.

Ƙanensa Nasiru, mai faci a Kalgo, ya aiko masa cewa an zo da sabuwar dabara a asibitin garin. Da Lawali ya je, Likita Shamsuddeen ya nuna masa wani farin abu mai ƙananan huji, faɗinsa kamar tafin hannu.

"Raga ce, Baba. Naman wurin ya saki, zare ba ya riƙe shi. Za mu shimfiɗa ta a ciki, nama ya bi ta ya kama."

Aka sa. Wata huɗu Lawali yana tafiya a miƙe, har ya zuba iri. Daga nan wurin ya fara zafi, ya kumbura, ya fashe. Matarsa Halima ta yi ta wanke wanduna tana shanyawa a bayan rumbu don kada maƙwabta su gani. Ranar da wari ya hana shi shiga sahu a masallaci, ya koma Kalgo.

Likita ya duba, ya daɗe bai ɗago kai ba.

"Ragar ta ɗauki ƙwayar cuta. Sai an cire ta."

"In an hidda ta, a sa wata?"

"Ba yanzu ba. Kuna da ciwon suga, Baba, miki ba ya son warkewa. Mu ga shekara tukuna."

"To, noman fa?"

Likita ya girgiza kai.

Aka cire. Mikin ya rufe da ƙyar, ƙabar kuwa ta sauko fiye da da. Lawali ya bar wa wani maƙwabci fadamarsa. Yanzu yakan naɗe mara da tsohon rawani ya zauna a ƙofar gida, in tari ya zo masa sai ya dafe wurin da hannu biyu.

Da shekara ta zagayo Nasiru ya zo da babur don ya kai shi.

"Yaya, tashi mu tai a duba."

"Bar shi, Nasiru," in ji Lawali. "Babu sauran inda za su kama."