Tulunan Bakin Kwalta

A bakin gonar Abdussalami, daidai inda kwaltar garin Suki ta ƙetare hanyar ruwan noma, akwai tuluna biyu a gindin darbejiya. Mahaifinsa ne ya fara ajiye su, don shi da ƙafa ya zo ƙasar nan daga yamma, ya san abin da ƙishirwa ke yi wa matafiyi. Kowace safiya Abdussalami yakan cika su, ya rataye moɗa a reshe. Duk wanda ya biyo hanya ya sha, ba a tambayarsa ko shi wane ne.

'Ya'yansa maza biyu ne. Babban, Audi, shekara huɗu da suka wuce ya bi lori zuwa manyan gonakin Damazin yankan riɗi. Tankar ruwa ta yi kwana biyu ba ta zo ba, rana ta buge shi a tsakiyar gona, aka rufe shi a can. Abin da ya dawo gida lauje ne da bargo. Tun ranar, in rana ta take, Abdussalami sai ya riƙa ƙirga mutanen gidansa da ido.

Saura Uwaisu, shi kuma gudu ya sa a gaba. Da asuba yakan bi gefen hanyar ruwa har ya ɓace, ya dawo rigarsa sharkaf. Tsofaffin ƙofar masallaci sukan ɗaga murya: “Abdussalami, wa ke korar ɗanka ne kullum? In kura ce a faɗa mana mu ma mu tashi!”

A bazarar nan aka shirya tseren kilomita talatin a kan kwalta. Waɗanda suka zo cikin biyar na farko za a kai su Hartum, babban birnin ƙasar, a ba su masauki da abinci, su yi wata shida suna shirin babban tseren da ake yi lokacin sanyi, mai kilomita arba'in da biyu. Abdussalami bai fahimci amfanin gudu ba. Abu ɗaya ya gane: in yaron ya tafi Hartum, ba zai hau lorin Damazin ba, kamar yadda duk sa'o'insa ke yi da ruwa ya sauka.

Ana gobe tsere, da la'asar, Uwaisu ya durƙusa gabansa.

“Baba, ta gaban gonarmu za mu wuce. Don Allah kada ka ba ni komai, kada ka taɓa ni. Ruwa sai a teburin masu shirya tseren. In wani ya taimake ni a hanya, cire ni za su yi.”

“Ruwan ma? Wace irin doka ce ta hana ba mai ƙishirwa ruwa?”

“Haka tsarin yake, Baba.”

Dije, uwar yaron, tana tankaɗe a gefe, ta ce, “Malam, ka zauna gida mana. Na san ka.”

“Ni ƙaramin yaro ne? Kallo kawai zan yi.”

Washegari ya cika tulunan kamar kullum. An ce za a tashi da fitowar rana, amma baƙin da za su buɗe tseren suka makara, sai da hantsi ya ɗaga aka saki masu gudun. Abdussalami yana zaune gindin darbejiya yana kallon kwalta tana rawa don zafi. Ya ja carbi ya kai ƙarshe, ya sake somawa.

Can sai ga mota da tuta, bayanta mutum biyu dogaye suna gudu kamar ba su taka ƙasa. Na uku ya wuce. Sai Uwaisu, da lamba goma sha bakwai a ƙirji. Bakinsa a buɗe, leɓɓansa sun yi fari fat, kansa ya karkata gefe guda. Da ya hau gadar hanyar ruwa ƙafarsa ta turguɗe, ya yi tangaɗi, ya dafa gwiwa.

Abdussalami bai ga Audi ranar da ya faɗi ba. Shekara huɗu yana ƙaga yadda abin ya kasance, kuma kullum haka yake ganinsa, da farin leɓe da karkataccen kai. Bai san sa'ad da ya tashi ba. Ya tsinci kansa a tsakiyar kwalta, hannu ɗaya ya rungumo ƙugun yaron, ɗayan yana kwarara masa ruwan moɗa a ka da baki.

“Baba, sake ni! Baba!”

“Sha tukuna. Sha, don Allah.”

Ya tafi da shi a riƙe taku biyar ko shida kafin Uwaisu ya fizge ya ci gaba. Wani mutum a kan babur, da takarda a manne a allo, ya rage gudu, ya dubi lambar, ya yi rubutu, ya wuce.

Abdussalami ya hau amalanken wani maƙwabci ya bi su Suki. Ya tarar da Uwaisu zaune a ƙasa bayan rumfar baƙi, an ɗora masa jiƙaƙƙen tsumma a wuya. Na huɗu ya zo. Amma da aka karanta sunaye a lasifika, daga na uku sai aka kira wanda ya zo bayansa.

Ya kutsa har gaban mai babur ɗin, ya tattaro Larabcinsa na kasuwa.

“Ni ne uban. Laifina ne, shi ya ce kada in taɓa shi. Ruwa ne kawai, ruwan tulu, ko sukari babu.”

“Ya Haj, na gani da idona,” in ji mutumin, ba da faɗa ba. “Ba ruwan kaɗai ba ne, ka riƙe shi kun yi tafiya. In na bar wannan, me zan ce wa wanda ya faɗi a kilomita ashirin ba wanda ya ɗaga shi? Ma'alesh, ka yi haƙuri. Yaronka yana da ƙafa. Ya dawo baɗi.”

Suna cikin amalanke a hanyar gida, sai suka hango darbejiyar.

“Da ka bar ni, da na miƙe,” Uwaisu ya ce, idonsa a kan kwalta. “Kullum a gadar nan nake jin haka, in na wuce ta sai ya sake ni.”

“Ban sani ba.”

“Ba ka taɓa tambaya ba, Baba.”

Bai ƙara tayar da maganar ba, bai kuma fasa gaishe da uban safe da yamma ba. Takalman gudun dai ya wanke su, ya ɗaure igiyoyinsu, ya rataye a ƙusa, a ɗakin da bargon Audi yake.

Ruwan farko ya sauka bayan sati biyar. Lorin Damazin ya tsaya a bakin kwalta da hantsi, samarin ƙauye suna ta jefa ƙunshinsu a baya. Dije ta ƙi fitowa. Abdussalami ya rako ɗansa har gindin darbejiya, yana riƙe da jarka da ya ɗinke da buhu don ruwa ya yi sanyi.

“Ka bari sai baɗi, ka sake gwadawa. Gonar nan za ta riƙe mu.”

“Ba za ta riƙe mu ba, kai ma ka sani. In an gama yankan riɗi zan dawo.”

Abdussalami ya cika jarkar daga tulu, ruwa na zuba a ƙafarsa. Ya miƙa. Uwaisu ya dubi jarkar jim kaɗan, sannan ya karɓa da hannu biyu, ya hau.

Lorin ya ƙetare gada ya miƙe kudu. Abdussalami ya tsaya har ƙararsa ta ɓace. Da ya juyo ya ga tulu ɗaya ya yi rabi, ya ɗauki bokiti ya gangara hanyar ruwa.