Ɗan Saƙon Hajiya Zenaba

Wata takwas na yi ina tashi da asuba a Sevran, a ƙasar Faransa, in yi salla, in ɗaura takalmi, in bi bakin kanal, wato hanyar ruwa, da gudu kafin in kama jirgin ƙasa na RER zuwa aiki. Ba marmari ya sa ni ba. Aikina rubuta tsarin da ke sarrafa siginar jiragen ƙasa, inda kuskure ɗaya ya isa ya haɗa jirgi biyu, kuma kullum nakan dawo gida kaina kamar an yi daka a ciki. Likita ta auna ni ta ce, "Hamdiya, shekara talatin da ɗaya, da wannan hawan jinin?" Shi ya kashe babana a kujerar ofis a Maraɗi, mutumin da bai taɓa ce wa kowa a'a ba.

Sai na sa wa kaina abin da zai riƙe ni: tseren kilomita goma a Lyon, ranar Lahadi. Sharaɗinsu ɗaya, ka karɓi lambarka ranar Asabar kafin ƙarfe shida, in ka makara babu kai.

Bakina ya ja mini. Na je kasuwar Château Rouge sayen yaji, na gaya wa Hajiya Zenaba mai atamfa, ƙawar innata, cewa zan je Lyon.

"Alhamdu lillahi! Ɗiyata, ga ɗan saƙo ki kai ma ƙanwata Rahama a Vénissieux, nan gefen Lyon. Ba ya da nauyi."

Mu dai halinmu ke nan, da ka ce za ka yi tafiya ka zama jakin kowa. Ɗan saƙon nan jaka ce mai kilo ashirin: atamfa, kilishi, daddawa, har da tukunya. Haushi ya cika ni har wuya, amma me na ce? "To, Hajiya." Ni da nake musu da injiniyoyi goma a taro, na kasa musa wa tsohuwa ɗaya.

Ranar Asabar ƙarfe uku na sauka Lyon. Na ja jakar nan a jirgin metiro, na ja ta a jirgin tiram, na tarar asansa, na'urar hawa bene, ta lalace, na hau bene tara da ita. Niyyata in ajiye in juya.

Ina! Hajiya Rahama ta fara gaisuwa tun daga gajiya har kakata da ta rasu bara.

"Hajiya, je suis pressée, sauri nike, shida za su ruhe."

"Ruhe mi? Ki kawo saƙo ki tahi ba ki ci komi ba, a ce mi a gida? Zamna!"

Sannan ta kira yayarta ta bidiyo, aka buɗe jakar a gabana ana ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya, don wai ɗan aike ba ya tashi sai an ga saƙo ya cika. Aka kawo tuwo. Ina ci ina duba agogo, su kuwa suna gardama a kan wace atamfar ce ta wa.

Shida da minti ashirin na isa wurin karɓar lamba. Wani saurayi yana naɗe tebur ya ce, "Désolé, madame," wato sai haƙuri. Na zauna a bakin kogin Rhône na yi kuka, kukan takaici. Ba shi nake jin haushi ba, ba ma Hajiyoyin ba. Kaina nake ji.

Da safe na sa kayana na gudu duk da haka. Masu lamba suka bi hanyarsu ana yi musu tafi, ni na bi ɗaya gefen kogin ni kaɗai, agogon hannuna yana ƙirga mini. Kilomita goma, minti hamsin da takwas. Ba wanda ya rataya mini komai a wuya.

Ina haki waya ta yi ƙara. Hajiya Rahama ce.

"Ɗiyata, ina kwana? Ki biyo kahin jirginki, akwai ɗan saƙo ki maida ma Zenaba."

"A'a, Hajiya."

Ta ɗaga murya, kamar na zagi wani babba.

"Mi kika ce?"

"Na ce a'a. Babana ya ɗauki kayan kowa, ƙarshe shi aka ɗauka."

"To, wallahi sai na gaya ma innarki."

Zufa tana shiga mini ido. Na ce, "Ki gaishe ta."