Takarda Biyar, Bindiga Huɗu

Takardun rajista biyar ne a cikin jakar, ƙananan bindigogin da ke cikin akwatin ƙarfe kuwa huɗu ne. Larysa ta ƙirga sau uku, har da ɗora yatsa a kan kowace, amma lissafin ya ƙi canjawa.

Sati biyu ke nan da binne mahaifinta, Orest Hrynkiw. Ta dawo gidan gonarsa da ke bayan garin Dauphin tare da 'yarta Nika mai shekara uku, don mijinta yana can arewa wurin haƙar ma'adinai, kuma sun yanke shawara nan za su zauna. Ita wasiyya ta ɗora wa nauyin abin da ya bari. Da ta buga waya ofishin rajista, matar da ta ɗauka ta ce kada ta fita da ko ɗaya daga gidan sai an ba ta takardar izinin ɗauka. Ta ce ta fara haɗa kowace bindiga da takardarta tukuna, lamba da lamba.

Aikin da ta ɗauka na rabin awa ne. Tato, kamar yadda take kiran mahaifin nata, mutum ne na takarda. Kowace rajista tana cikin ledarta, lasisinsa a gaba, duk a cikin wata tsohuwar jakar fata. In zai je filin harbi sai ya zazzage harsasai, ya sa wa kunamar bindiga kwaɗo, ya kulle ta a akwati, sannan ya zaunar da jakar a kujerar gefe kamar fasinja. Irin wannan mutum bindiga ba ta ɓace masa. Ke nan tana cikin gidan. Kuma gwangwanin harsasai wayam yake, ko ƙwaya ɗaya babu. Duk inda bindigar take, a ganin Larysa, can suke su ma.

Daga wannan rana ƙafar Nika ba ta sake taɓa ƙasa a gidan ba. Ko tana kan ƙugun uwarta, ko tana ɗaure a kujerarta ta cin abinci.

"Mama, sauke ni. Zan je ɗakin Dido," in ji Nika, tana nufin kakanta.

"Ba yanzu ba."

"Yaushe?"

"In na gama shara."

Kwana uku tana bincike. Ta juye katifu, ta zazzage durowoyi, ta sauka ɗakin ƙasa ta janye kwalaben kabeji da marigayiya mahaifiyarta ta jera, ta leƙa bayansu da tocila. Ta duba cikin takalman sanyi, cikin bokitin toka, ƙarƙashin kujerar tarakta. Gidan da ta tashi a cikinsa ya koma mata baƙo. Duk murfin da za ta ɗaga sai gabanta ya faɗi. Rigar aikinsa tana nan rataye a bayan ƙofa, kafaɗunta ba su saki siffarsa ba, kuma duk sanda ta gifta sai ta ji kamar ya juya mata baya ne don kada ta tambaye shi.

Rana ta huɗu da safe ta haƙura, za ta kai rahoton ɓata. Ta zaro takarda ta biyar daga leda don ta karanta lambar a waya, sai wani ɗan kati ya faɗo. Shaf ta manta da wannan ɗabi'ar tasa. A bayan kowace rajista akwai kati, gefe biyu da fensir: ranar fita, ranar dawowa. Ta bi shekaru da ido har ƙasa. Layin ƙarshe akwai ranar fita, goma sha tara ga Oktoba, shekara biyu da suka wuce. Gefen dawowa babu komai.

Kwana tara ke nan bayan binne mahaifiyarta.

Izinin Tato hanya ɗaya yake bi, daga gida zuwa filin harbi, kuma makullin filin yana hannun Myron Pawluk, amininsa tun suna makarantar firamare. Ta ɗaure Nika a bayan mota, ta ajiye jakar a kujerar gefe.

Ta sami tsohon yana faskare a bakin rumfarsa.

"A'a, 'yar Orest! Yau an tuna da tsofaffi? To ita wannan madam ba ta da ƙafa ne, ko tayarta ce ta yi faci?"

"Kawu Myron, ina bindigar Tato?"

"Haba, babu ko gaisuwa? Ubanki ma, da duk rowar bakinsa, sai ya zagi kofina kafin ya kawo magana."

Ta miƙa masa katin. Ya goge hannu a wando, ya riƙe shi nesa da ido. Ya daɗe yana kallon wurin da babu rubutu.

"Ɗan banzan tsoho," ya ce a hankali. "Sau nawa na ce masa ya sa wata rana kawai? Ya ce shi ba ya rubuta abin da bai faru ba. Shigo ciki, iskar nan za ta cinye yarinyar."

Ya zuba mata kofi, ya ba Nika guntun burodi da zuma, ya zauna yana juya cokali a kofin da babu sukari.

"Ranar Laraba ce. Babu mai zuwa filin ranar Laraba, ya kuma san da haka. Ni ma rufin rumfar filin ne yake yoyo, na je liƙewa. Ina bisa tsani sai ga motarsa. Ya fito da kwat da taye, irin shigarsa ta coci. Akwati a hannu ɗaya, jakar nan a ɗayan. Komai bisa doka, kin ji, har kwaɗon. Amma bai zo da takardar saiti ba, bai zo da abin toshe kunne ba. Nan na gane ba gwajin harbi ya kawo shi ba, matarsa yake shirin bi. Na ce, Orest, bikin wa za ka? Ya ce sauko za ka yi ko faɗowa?"

Larysa ta ƙanƙame Nika har yarinyar ta yi tsaki.

"Mun zauna a benci har rana ta yi sanyi. Daga baya shi da kansa ya turo mini akwatin da ƙafa. Na bi shi gida na kwashe harsasai kaf. Tun daga ranar kuma kullum da safe ina kicin ɗinsa, ina shan wannan ruwan kwatar da yake kira kofi."

"Me ya sa ba ku gaya wa hukuma ba? Me ya sa ba ku gaya mini ba?"

"Su za su tambayi dalili. Ke kuma kina da goyo. Ya sa na rantse."

Sai ta tuna. Da safen wannan Larabar ya kira ta, tana tsaye a bakin injin wanki. Ya ce ta kara wa Nika wayar, yana so ya ji muryarta. Ta ce barci take yi, ya kira an jima. Ya ce to, babu komai, ya kashe.

Myron ya kai ta ɗakin ƙasa ya buɗe nasa akwatin ƙarfen. Akwatin Tato yana can ƙurya, ƙura ta kwanta a murfin. Bindigar babu harsashi, kwaɗo yana kan kunama. Larysa ta ɗaga takarda ta biyar kusa da ƙarfen, ta karanta lambar da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, yana amsa mata. Sun dace.

"Ɗauki abinku."

"Ba ni da izinin ɗauka. Zan kira su, kuma sai na faɗi inda take, Kawu. Shekara biyu tana hannunka babu takarda."

"Faɗi mana. Shekarata saba'in da huɗu, me za su ƙwace mini, haƙora? Tun tuni na riga su." Ya rufe akwatin ya murɗa makulli. "Ke dai 'yar ubanki ce, babu ko tantama."

A tsaye a kicin ɗinsa ta yi wayar. Ta ba su lamba, ta ba su adireshi. Da aka zo kan dalili, shi ma ta faɗa.

Da suka koma gida rana tana tsaka. Ta tsaya a bakin ƙofa, kusa da rigar aikin, ta sunkuya ta dire Nika a kan katako. Yarinyar ta ɗan dubi uwarta don ta tabbatar, sannan ta kwasa da gudu zuwa ɗakin Dido, ƙarar ƙafafunta tana zaga gidan.

Larysa ta zauna a teburin ta fito da katin. Fensirinsa yana cikin aljihun jakar, an fere shi da wuƙa. Ta juya shi a hannu na ɗan lokaci, sannan ta mayar da shi ba ta cike gefen dawowa ba, don bindigar ba ta dawo ba tukuna, ta tura katin bayan takardarsa yadda ta same shi.